Barin Jidda Zuwa Riyad: Lissafin Da Ya Wuce Na Albashi

Tun ƙarshen shekarar 2021 da katafila ta shiga tsofaffin unguwannin Jidda, maganar komawa Riyad ba ta ƙara barin bakin mutanenmu ba. Sabil, Karantina, Gulail, Betromin, Kandara, Nuzla Yamaniyya, wuraren da Bahaushe ya yi shekara da shekaru yana haya da araha a tsakiyar 'yan'uwansa, duk sun shiga cikin unguwanni sama da 60 da hukuma ta sa wa alamar rusau. Diyya ta 'yan ƙasa ce masu fili da gini. Baƙon da ke haya kuwa komatsansa ya tattara ya shiga neman inda zai raɓa. Wasu sun nufi Makka, wasu sun haƙura sun koma gida Najeriya ko Nijar. Matasa, musamman waɗanda aka haifa a nan Saudiyya, hankalinsu gabas ya koma, wajen birnin da kowa ke cewa can kuɗi suka tare.

Kuma ba ƙarya suka ji ba. Riyad ce fadar gwamnati, can ma'aikatu suke, can ofisoshin jakadanci suka koma daga Jidda a shekarun 1980. Na Najeriya ma yana can, Jidda ƙaramin ofishi gare ta. Tun da aka ƙaddamar da shirin 2030 na sauya fasalin tattalin arzikin ƙasar a watan Afrilun 2016 dukiyar ƙasa ta ƙara karkata wajenta. Daga farkon 2024 gwamnati ta gindaya wa kamfanonin waje sharaɗin kafa hedikwatarsu ta yanki a cikin ƙasar in suna son kwangilarta, kuma galibinsu Riyad suka zaɓa. Ga manyan ayyukan gine-gine na Ƙiddiya da Dir'iyya a gefen birnin, ga lambun Sarki Salman da ake yi a tsohon filin jirgin sama na tsakiyar gari. Baje kolin duniya na 2030 a can za a yi, gasar cin kofin duniya ta 2034 ma filaye 8 daga cikin 15 a Riyad aka tsara su. Garin da bai wuce 'yan dubban mutane a cikin ganuwar laka ba lokacin da Sarki Abdul'aziz ya karɓe gidan yaƙin Masmak a 1902, ƙidayar 2022 ta same shi da mutum kusan miliyan 7.

Duk da haka ni ra'ayina shi ne Riyad gari ne na mai takarda tsaf da kwantiragi a hannu. Hijaz, wato yankin Jidda da Makka da Madina, tana rufa wa talaka asiri ta hanyoyin da ba a rubuta su a takardar albashi, Riyad kuwa kusan komai da kuɗi hannu ake yinsa. Wanda ya jera albashin can da na nan ya ga na can ya fi, ya ɗaure kaya, rabin lissafi ya yi.

Zafi aka fi tsoro, amma shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Riyad tana kan tudun Najdu ne, wajen mita 600 sama da teku, ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 100 ba. A Yuli da Agusta ma'auni yakan kai 43 zuwa 45 da rana. Mutumin Makka ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda a aikin hajjin 2024 zafi ya kai 51.8 a Harami. Mutumin Jidda ne zai ga bambanci, kuma ba lallai ya zama na cutarwa ba. Zafin Jidda mai gumi ne, kana fita riga ta manne maka a baya. Na Riyad busasshe ne, in ka samu inuwa ka samu sauƙi. Haɗarinsa shi ne gumi na bushewa tun kafin ka gan shi, sai ruwan jiki ya ƙone ba ka ankara ba. Mai aikin waje da ba ya shan ruwa sosai, tsakuwar ƙoda na jiransa. Doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, kuma leburan da aka sa shi aiki a wannan lokaci yana da haƙƙin kai ƙara.

Akwai ƙananan abubuwa da sai an zauna ake saninsu. Tankin ruwa a saman bene yake kwana ya yini, to da azahar a tsakiyar bazara in ka buɗe famfo don alwala sai ka janye hannu da sauri. Shi ya sa za ka ga matan gida sun kashe na'urar dumama ruwa tun watan Mayu, su mayar da ita ma'ajiyar ruwan sanyi, ko su tari ruwa a bokiti tun asuba don wankan yara. Sanyin garin kuwa shi ke ba mutanen Hijaz mamaki. A Disamba da Janairu dare yakan sauka ƙasa da 10, wata shekarar ya kusanci sifili. Wanda ya taso a Katsina ko Damagaram zai tuna hunturu: leɓe ya tsage, faso ya buɗe, yara su riƙa haɓo. Amma yaron da aka haifa a Karantina bai taɓa mallakar rigar sanyi ta kirki ba. A nan ne wasu ke shigar da garwashin gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga, abin da jami'an kashe gobara ke gargaɗi a kai duk shekara domin yana kisa cikin barci. Sai ƙura, wadda ta fi tasowa tsakanin Maris da Mayu, har rana ta koma ja. Duk gidan da ke da mai asma ko tsohon da numfashi ke wahalar da shi, wannan kaɗai ya isa a tsaya a yi tunani.

Ruwan da ake sha a Riyad, yawancinsa na teku ne da aka tace a Jubail da Ra'asul Khair, aka turo shi ta bututu sama da kilomita 400, yana hawa tudu. Sauran daga rijiyoyi masu zurfi ake zuƙo shi, ruwan da ya taru tun zamanin da, wanda ɗan yayyafin shekara ba ya mayar da gurbinsa. Wannan damuwar masu tsara ƙasa ce fiye da ta ɗan haya, domin famfo na kawo ruwa kuma gwamnati na ɗauke da kaso mai yawa na kuɗinsa. Wuta ma farashinta ɗaya ne da na Jidda: halala 18 (halala 100 ke yin riyal ɗaya) kan kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura halala 30, sannan a ɗora harajin kashi 15 cikin 100. Gidan da ya ci kilowat 3,000 a watan Agusta zai biya riyal 621. A nan ma Riyad tana da ɗan rangwame, domin akwai watannin da za ka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, gaba ɗaya, alhali a Jidda kusan shekara yake yi yana kuka.

Inda gizo ke saƙa shi ne haya. Mutane sun kwararo fiye da yadda ake gina gidaje, masu gidaje suka riƙa ƙari duk shekara, har abin ya kai ga a ranar 25 ga Satumbar 2025 aka ba da umarnin dakatar da ƙarin kuɗin haya a cikin birnin na tsawon shekara 5. Mataki ne mai kyau, amma a fahimce shi yadda yake. Bai sauko da farashi ba, tsayar da shi ya yi a inda ya kai bayan shekarun hauhawa. Gidan da aka taɓa haya, kuɗinsa na ƙarshe shi ne iyaka. Sabon ginin da ba a taɓa shiga ba kuwa, abin da kuka daidaita da mai shi ne. Kuma kariyar tana aiki ne ga yarjejeniyar da aka yi wa rajista a Ejar, manhajar gwamnati ta yarjejeniyar haya. Wanda ya karɓi ɗaki ɗaya a hannun wani ɗan haya, da baki kawai, kamar yadda muka saba a tsofaffin unguwanni, ba shi da abin nunawa ranar da aka ce ya ƙara ko ya tashi.

Sannan garin a rabe yake. Arewa, wajen Malƙa da Hiɗɗin da cibiyar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullahi, can sababbin ofisoshi suke, can kuma haya ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Araha tana tsakiya da kudu, wajen Baɗha, Manfuha, Gubaira, Shifa, ko gabas wajen Nasim. Ke nan aiki yana wannan kusurwa, makwanci yana waccan. Kamfanoni da yawa suna ba da kuɗin gida daidai da tushen albashi na wata uku a shekara, to mai niyyar tafiya ya ɗauki wannan adadi ya je ya tambayi gida mai ɗaki biyu da falo da bakinsa, kafin ya sa hannu a komai. Ya kuma tuna yawancin masu gida kashi biyu suke karɓa, wato kuɗin wata shida a dunƙule tun kafin ya ga albashin farko, ban da la'adar dillali da kayan ɗaki.

Nisa kuwa ya yi sauƙi fiye da da, wannan gaskiya ne. Jirgin ƙasa na cikin gari ya fara ɗaukar fasinja a Disambar 2024, layi 6, kilomita 176, tasha 85, tikitin awa biyu riyal 4, na wata riyal 140. Layin shuɗi ya bi ta Baɗha ya ratsa Ulayya ya nufi arewa, wato ya haɗa inda talaka ke kwana da inda yake aiki. Wannan babban abu ne da Jidda ba ta da shi har yanzu, kuma ga mace ma'aikaciyar jinya ko ɗalibi marar mota ya canza rayuwa. Sai dai tasha ba a ƙofar gida take ba. Tafiyar minti 15 a ƙasa cikin watan Yuli ba ƙaramin aiki ba ce, kuma wanda wurin aikinsa yake bayan gari, kamar masu aikin gini a Ƙiddiya, motar kamfani ce gatansa. Mai mota kuma ya shirya wa cunkoson titin Sarki Fahad safe da yamma.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi, wato iƙama, takardar izinin zaman baƙo a ƙasar. Mu Hausawan ƙasar nan ba ƙafarmu ɗaya ba. Akwai 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka zo hajji a ƙafa ta Chadi da Sudan suka tsallako teku daga Sawakin. Akwai waɗanda aka haifa a nan amma fasfonsu na Najeriya ne ko Nijar, suna zaune da iƙama. Akwai sababbin zuwa da kwantiragi, likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da direbobi. Akwai kuma waɗanda ba su da takarda ko kaɗan. Amsar tambayar komawa Riyad ta bambanta ga kowane ɗaya, kuma kuskuren da ake yi a majalisa shi ne a ɗauki labarin nasarar ɗan ƙasa a auna wa mai iƙama.

Ɗan ƙasa ƙofofi a buɗe suke masa. Tsarin Niɗaƙat da aka fara a 2011 yana tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, kuma duk shekara ana ƙara sana'o'in da aka keɓe musu. Ga saurayi ko budurwa mai shaidar ɗan ƙasa da digiri, ban ga abin da zai hana su gwada Riyad ba. Wannan tsari ɗin kuma shi ne katangar da mai iƙama ke cin karo da ita. Sayar da waya da gyaranta an keɓe tun 2016, shaguna iri-iri sun biyo baya a 2018, ɗaukar fasinja da motar kanka ta manhajoji irin su Uber da Careem na 'yan ƙasa ne. Laifi ne ka yi wa wani aiki in ba shi ne kafilinka ba, wato wanda iƙamarka take ƙarƙashin sunansa. Buɗe shago da sunan ɗan ƙasa alhali kai ne mai shi, abin da ake kira tasattur, hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Waɗannan dokoki a ko'ina suke aiki, amma mutumin da ke garin da ya sani, cikin mutanen da suka san shi, yana da hanyoyin samun abin sawa a baki fiye da baƙon da ya sauka jiya.

Gyaran dokar ƙwadago na 14 ga Maris 2021 ya sauƙaƙa sauya wurin aiki, ma'aikaci na iya komawa wani kamfani ta Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago, ba sai kafili ya amince ba, in ya cika sharuɗɗa. Amma gyaran bai haɗa da direban gida da 'yar aiki da mai lambu da makiyayi ba, kuma mutanenmu da yawa a waɗannan layuka iƙamarsu take. Sai kuɗin iyali, wanda mai iƙama ke biyan gwamnati kan iyalinsa da ke zaune tare da shi. An fara shi da riyal 100 kan kowane mutum a wata a Yulin 2017, ya kai 400 a Yulin 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu yana biyan riyal 2,000 a wata, 24,000 a shekara, ko yana Jidda ko yana Riyad. Ma'ana, aljihun da zai ɗauki tsadar hayar Riyad an riga an yage gefensa. A ce an yi maka tayin ƙarin riyal 1,500 a wata. In bambancin haya ya ci 1,000, zirga-zirga ta ci 300, me ya rage da za ka bar garinku saboda shi?

Wanda ba shi da takarda kuwa, ina roƙonsa da Allah kada ya fara. Tafiyar kusan kilomita 950 ce a mota, akwai shingayen bincike a hanya, kuma wanda ya ɗauke shi ma ya jefa kansa cikin laifi. Mutanen Manfuha ba su manta da samamen da aka kai wa marasa takarda a Nuwambar 2013 ba. In zaman ya ƙi, neman hanyar komawa gida ta ofishin jakadanci ya fi shiga garin da ba ka da wanda zai neme ka in an kama ka.

Kwanakin baya wani saurayi haifaffen Sabil ya kawo wa kawunsa wannan magana bayan sallar isha'i, ina zaune. Kamfanin jigilar kaya ne ya yi masa tayi. Ya zayyana albashi da alawus, yana nuna takardar a waya. Dattijon ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "To ɗana, in mai ɗakinka ta haihu a can, wa zai zauna mata jego?" Yaron ya ce, "Kawu, ai akwai asibiti." Dattijon ya ce, "Asibiti kwana biyu ne. Ina tambayarka kwana arba'in." Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce zai yi magana da Inna. Ba hana shi tafiya dattijon ya yi ba, daga ƙarshe ma albarka ya sa masa, da sharaɗin ya tafi shi kaɗai tukuna.

Wannan tambaya ita ce asalin abin da Hijaz ke bayarwa kyauta. Maƙwabciyar da za ki ajiye wa yara ki tafi kasuwa, adashin mata, mai shagon da ke ba da bashi zuwa ƙarshen wata, malamin da ke koya wa yara Alƙur'ani a falonsa, taron suna da na biki da ake haɗa hannu a yi. Kowane ɗaya daga cikinsu a Riyad kuɗi ne, ko kuma babu shi. Akwai Hausawa a can, ba wai babu ba, amma a warwatse suke cikin gari mai faɗi, kuma zumunci a ƙafa yake. Yaran da suka taso a bene tsakanin maƙwabtan da ba a gaisawa da su sai a lif, Hausar bakinsu takan tsaya iya "ina kwana". Wannan yana damuna fiye da yadda yake damun wasu. Sai dai gaskiya ɗaya, rusau ya riga ya raunana wannan gata a Jidda ita kanta. Wanda danginsa suka watse zuwa unguwanni biyar, abin da zai rasa in ya tafi bai kai na wanda har yanzu yake Shara Mansur a Makka cikin 'yan'uwa ba.

Akwai kuma kasuwar alhazai. Najeriya kaɗai kujera 95,000 aka ware mata a hajjin 2023, ban da masu umara da ke kwarara musamman cikin Ramadan. Bahaushe mai jin Larabci da Hausa yana da abin yi a wannan lokaci: tafinta, rakiyar kasuwa, haɗa kaya da aika su gida, abincin gargajiya da alhaji ke nema bayan ya gaji da shinkafa da kaza. Gidaje da yawa abin da suka samu a waɗannan watanni shi ke riƙe su har shekara ta zagayo. Riyad ba ta da wannan damina. Albashi ne kawai, in ya tsaya komai ya tsaya. Ayyukan gine-ginen ma da kuɗin mai suke tafiya, kuma ministan kuɗi Muhammad al-Jad'an ya faɗa a fili tun ƙarshen 2023 cewa za a jinkirta wasu daga cikinsu. In aka rage aiki, ƙaramin ɗan kwangila ne ke fara jin jiki, leburansa su biyo baya.

Ban ajiye maganar Harami a ƙarshe don ƙanƙantarta ba. Kakanninmu ba don aiki suka ratso daji wata da watanni ba, wasu shekaru. Mazaunin Jidda daga gidansa yake ɗaura harami, cikin awa guda yana ɗawafi, in ya so ya hau jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018 ya kwana Madina. Mazaunin Riyad sai ya ci kusan kilomita 870, ya tsaya miƙatin Ƙarnul Manazil, ko ya sayi tikitin jirgin sama, domin har yau babu layin dogo tsakanin Riyad da Jidda. Umarar da ake yi duk lokacin da zuciya ta motsa sai ta koma tafiyar da ake yi wa tanadi. Tsofaffinmu kuma burinsu a sallace su a Harami, a binne su a Makka ko Baƙi'a. Wanda ya ɗauko mahaifiyarsa mai shekara 75 ya kai ta bene hawa na uku a Nasim saboda ba shi da wanda zai bar wa ita, ya sani ya taɓa mata abin da ta fi so a duniya, ko da ba ta furta ba.

Saboda haka wanda zan ce wa bismillah shi ne matashin da ba shi da nauyi mai yawa, mai sana'ar da ake nema, jinya ko injiniyanci ko kwamfuta ko lissafin kuɗi, wanda kamfani ya ba shi masauki ko kuɗin gidan da ya je ya tabbatar zai isa. Irin wannan in ya zauna a Jidda yana jiran aikin da ya riga ya koma Riyad, shekarunsa yake ɓatawa. Mai iyali kuma ya tafi shi kaɗai, ya ga bazara ɗaya da sanyi ɗaya, ya ga ko albashi na shigowa kan lokaci, kafin ya cire yara daga makaranta. Kada ya ajiye aikin da ke hannunsa saboda alkawarin baki ko saƙon WhatsApp. Ya jira sai sabon kwantiragi ya bayyana a Qiwa, ya karanta tushen albashi da kuɗin gida da inshorar lafiya, ya duba ko ta haɗa da matarsa da 'ya'yansa, ya kuma tambayi wanda zai biya kuɗin sabunta iƙama da na sauya kafili, domin a doka nauyin mai ɗaukar aiki ne, kuma akwai kamfanonin da ke zare shi daga albashin ma'aikacin da bai san haƙƙinsa ba.